Zaɓin Saadatou

Paris, 9 ga Maris 2012

Zuwa ga mahaifina, Fasto Salifou,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fatan kana lafiya, da Inna, da ikilisiyar Maradi baki ɗaya.

Baba, bayan shekara takwas muna roƙo, matata Saadatou tana da ciki wata uku. Amma ranar awo, likitocin Lyon, inda take aiki, sun gano ciwon daji a bakin mahaifarta. Sun ce a yi aiki yanzu ta rayu, sai dai cikin ba zai tsira ba. Ta ƙi. Na roƙe ta har na durƙusa, ta ce ita ta gama shawara.

Ka turo ni nan karatun tauhidi, kuma rubutuna a kan ƙaddarar Allah ne da ƴancin mutum. Kullum ina bayyana wa malamaina cewa Allah ya tsara kome tun fil azal, duk da haka ba ya tilasta wa kowa. A takarda abin da sauƙi. A yi mana addu'a.

Ɗanka,
Nouhou

Lyon, 2 ga Oktoba 2012

Baba,

Ina gaishe ka da Inna, ya jikin tsufa? An haifi ƴa mace lafiya, mun sa mata Latifa. Amma ciwon ya bazu har hanta. Na bar ɗakina na Stains, a gefen Paris, na dawo nan gaba ɗaya.

Jiya na so in ba Saadatou haƙuri, na ce haka Allah ya rubuta. Baba, sai ta yi fushi. Ta ce kada in ƙwace mata abu guda da ta yi da kanta. Ta ce Allah ya sani tun farko, ba ta musu, amma ita ce ta zauna gaban likita ta ce a'a, kuma in aka sake tambayarta haka za ta ce. Na ɗauki jaririyar na fita tsakar asibiti.

Ɗanka,
Nouhou

Lyon, 20 ga Satumba 2013

Baba,

Na gaishe ku da haƙuri. Wasiƙar ta'aziyyarka ta iso, na gode. Yau kwana goma sha biyu da muka binne Saadatou.

Ka ce nufin Allah ne, kuma nufinsa nagari ne. Ban ƙaryata ba. Amma zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. In Allah ne ya yanke, da shi nake fushi. In ita ta zaɓa, to ta san za ta bar ni, ta kuma zaɓa. Shekara biyar ina koyon cewa biyun duka gaskiya ne. Yanzu na yarda, shi ya sa ba ni da wajen gudu. Nakan dubi Latifa in tuna cewa ni ne na roƙa kada a haife ta.

Ban daina addu'a ba, amma ba na iya wuce kiran sunan Allah.

Latifa ta fara tafiya shekaranjiya. Ɗakin uwarta ta nufa, ta tsaya a bakin gado tana bubbuga katifa.

Baba, kada ka aiko mini da wani bayani. Ka aiko mini da Inna.

Ɗanka,
Nouhou