Takardar Sallamar Inna Tana Ƙarƙashin Kekena

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu karatu. Don Allah ki ɓoye sunana. Masu zagi kuma ku daure ku kai ƙarshe, zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ni tela ce, ina aure a Rano, mahaifiyata tana Kahu, kuma ni kaɗai ce 'yarta mace. Saura sati uku Babbar Sallah aka cire mata matsarmama a Kano, irin aikin nan da ba a tsaga ciki, huji huɗu kawai ake yi a zura kyamara. Da ta farfaɗo daga allurar barci ba ta san inda kanta yake ba, sai amai, tana kirana da sunan yayarta da ta rasu. Shi ya sa ranar sallama ni likita ya ja gefe. Ya ce, "Kar ku ga hujojin ƙanana ne ku raina. Sati shida ba daka, ba jan ruwa, ba ɗaukar kaya mai nauyi." Ya miƙo min takarda.

A mota Inna ta ce, "Me ya ce miki?" Na ce, "Cewa ya yi aiki ya yi kyau." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Anti, ɗinkin Sallah ne jibge a ɗakina, masu kaya sun hana wayata sakat. In na faɗa, wa zai tare a Kahu sati shida? Yayyena maza da ba su san inda taɓarya take ba? Kullum ni, komai ni. Na ninke takardar na cusa ƙarƙashin keken ɗinki, na ce ai Inna mai ƙarfi ce.

'Yan dubiya kuwa suka ƙarasa ɓarnar. Kin san mutanenmu, da tsawon ɗinki suke auna aiki. Wata ta leƙa cikin ta ce, "Shi ke nan? Ai ƙahon wanzami ya fi wannan." Inna kuwa gara ka mare ta da ka ce mata raguwa. Da ta ce kafaɗarta na ciwo, har da bakina na ce, "Inna, ciki aka taɓa, me ya kai shi kafaɗa?" Kwana tara ta koma turmi da guga.

Bayan Sallah cibiyarta ta fara tasowa, yanzu ta kai ƙwan agwagwa. A asibiti an ce hanji ne ke turowa ta inda aka huda, sai an sake aiki, in ya maƙale kuwa rai ake magana. Inna ta yi tsalle ta dire, ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannu aka sa mata. Wai ranar da ta fara jin abin, a ranar ne Goggo Hajo ta kawo mata nono daga ruga. Aminiyarta ce fa tun kafin a haife ni, a bayanta na yi wayo. Da matar nan ta dawo dubiya, Inna ta juya fuska bango. A zaure Goggo Hajo ta riƙe mayafina ta ce, "'Yar nan, ke da kika ji bakin likita, nono yana yin haka?" Wallahi na buɗe baki, sai na ji na ce, "Allah ne masani." Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi, ba ta sake dawowa ba.

Yanzu rubutu da turare ake ta yi wa Inna, kumburin yana ƙaruwa. Na yi lallashi, na yi faɗa, har kuka na yi mata. Jiya ta kalle ni ta ce, "Duk abin da likita ya faɗa ai kin gaya mini, kuma ban saɓa ba. To in ba hannu ba ne, mene ne?"

In na fito da takardar nan, wataƙila ta yarda a yi aikin, ta nemi gafarar Goggo Hajo, amma da wane ido za ta sake kallona? In na yi shiru, ranar da hanjin ya maƙale ni na kashe ta. Jama'a, uwa ɗaya gare ni. Me zan yi?