Takenki a Bakin Teku

Flatbush, safiyar Talata

Zuwa ga Safiatou, sanyin idona, inuwar da na samu bayan rana ta gama dafa ni, ruwan randa a gefen tekun da duk gishiri ne, tauraruwar da ba ta fito ba sai da na daina duban sama.

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya. Ya ƙafar taki? Ya ɗanki Oumarou da iyalinsa? Allah Ya raya su, Ya yi musu albarka.

Ki yi haƙuri da wannan rubutu. A Kano na koyi riƙon alƙalami, a zamanin da malami ke bin layi da rula yana duba ko baƙinka ya miƙe, kuma har yabona ake yi. Yau ga baƙaƙen sun kwanta kamar dawar da ruwan sama ya doke. Hannun ne ya ƙi. Da na so, da na kira wayarki, to amma Oumarou ne ke ɗauka, ni kuwa abin da ke bakina ba na kunnensa ba ne.

Ranar Lahadi na je bakin tekun Rockaway. Na sauka daga bas, na dogara sandata, na nufi hanyar katakon nan ta bakin ruwa, idona na neman jan mayafinki. Wayyo, Safiatou! Wurin rumfarki wayam. Babu huluna, babu tabarau, babu tawul ɗin da iska ke kaɗawa, sai tsuntsayen teku suna tsintar abin da yara suka zubar. Inusah, abokin kiɗana mai jita mai kaurin murya, shi ya ja ni gefe ya ce da Hausarsa ta Zangon Kumasi, “Tsoho, ka zauna kafin in faɗa maka.” Ya ce Oumarou ya yanka miki tikiti, wata mai kamawa za ki koma Maraɗi ki huta. Ban san sa'ad da na zauna ba. Yanzu tafiya za ki yi? Haka za ki naɗe ni cikin kayan da ba su sayu ba, ki bar wa sanyin garin nan?

Kin tuna ranar da na fara sanin akwai ki a duniya? Ni kam ko an kwantar da ni dama ba na jin zan manta. Muna kan ɗan dandalin nan na bayan masu sayar da soyayyen kifi, mu huɗu, duk furfura, muna kaɗa abin da masu garin ke kira surf rock, kiɗan masu hawan raƙuman ruwa da allo. Kiɗa ne da ba shi da mawaƙi. Jita ce ke kuka, muryarta na amsa kuwwa kamar daga cikin rijiya, ni kuma ina bayanta ina tura ta: biyu, ɗaya, biyu, ɗaya, a kan ƙaramar ganga, ƙafata na taka babbar. A tsakiyar kowace waƙa sukan yi shiru su bar mini fili in mirgina sanduna a kan gangunan, kamar raƙumin ruwa ya taso ya fashe. Shekaru ina cika wannan fili da abin da suka saba ji. Ran nan ban san abin da ya shige ni ba. Kewar gida ce ta taso mini. Na danna fatar gangar tsakiya da gwiwar hannu don muryarta ta hau ta sauka, na kaɗa kiɗan kalangun da kakana ke yi wa 'yan mata ranar kasuwa.

Sai na ji guɗa.

Guɗa, Safiatou, a bakin tekun Amurka! Doguwa, mai kaifi, wadda ta tsaga kukan jita ta wuce. Masu gadin ruwa suka zabura daga kan dogayen kujerunsu, suka busa usur, suka sheƙo a guje da jajayen wandunansu, sun ɗauka ruwa ya ci wani. Suka iske dattijuwa tsaye a rumfar huluna, hannu a hanci, ido cike da ƙwalla. Kin rufe fuska da mayafi don kunya, kina cewa, “Ni 'yasu, ku gaya musu ba wanda ya mutu!” Inusah ya yi dariya har ya saki kiɗa. Ni ban yi dariya ba. Tun da na baro gida nake magana da ganga, ba wanda ya taɓa amsa mini sai ke. Kin san yadda mutum ke ji in ya daɗe yana sallama a ƙofar kango, rana ɗaya ya ji an ce, “Shigo”?

Daga nan ne na yi miki take. A gidanmu haka ake yi: wanda ka girmama ba ka kiran sunansa da baki kawai, sai ka sa ganga ta riƙe shi. Na zauna a wannan ɗaki nawa, inda ba mai motsi sai ni da bututun ɗumama ɗaki da ke ƙwanƙwasa kansa, na yi ta gwadawa a kan matashi don kada maƙwabta su buga bango, har kalmomin suka zauna:

Safiya ta Maraɗi, mai rumfar bakin teku,
Iska ta ɗauki hula, ba ta ɗauki kunyarki ba.

Shi nake kaɗawa a filina tun daga lokacin, kowace Asabar. Turawan nan biyu da muke tare, mai jita da mai ƙaho, suna cewa tsoho ya samo sabon salo. Matasa masu jiƙaƙƙen gashi suna tsalle suna ihu, ba su san sunan uwar wani suke rawa a kai ba. Inusah kaɗai ke jin abin da gangar ke faɗa, sai ya karkato yana murmushi ya ce, “Kai, tsohon nan ba ya tsoron Allah.” Ke kuma, daga rumfarki, kya ɗaga hular da ke hannunki ki mayar. Shi ke nan. Wannan ɗaga hular shi ne abincina na mako.

Sannan ga ranar da sandar kiɗa ta kuɓuce mini. Ciwon gaɓɓai ya riƙe yatsuna ana tsakiyar waƙa, sandar ta yi tsalle ta gangara har gaban jama'a. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da muka tashi kika zo, ba ki ce mini sannu ba, don kin san sannu za ta ƙara mini ciwo. Kika zare igiyar wata hula daga cikin kayanki, kika kama hannuna na dama, kika ɗaure sandar a yatsuna, kina faɗa kamar mai yi wa jika: “Malam Hambali, ka riƙe abinka mana, ko sai mun riƙe maka?” Ya sanyin zuciyata, tun rasuwar matata ba hannun da ya taɓa nawa sai na likita. Igiyar tana nan. Da ita nake kiɗa har yau. Na sassauta ta yadda zan zura yatsu in zare, amma ƙullin da kika yi ban taɓa kwance shi ba.

Na san abin da ya shiga tsakaninmu, ba sai an ɓoye ba. Ranar da na sa babbar riga na hau jirgin ƙasa har gidanku na titin Grand Concourse a Bronx don in gaida Oumarou in faɗi abin da ke tafe da ni, ya karɓe ni da ladabi, ya ba ni shayi. Amma bangon gidajen nan ba ya riƙe magana. Na ji shi a ɗaki yana cewa, “Inna, makaɗi? Makaɗin masu yawo tsirara a bakin ruwa? Me zan ce wa mutane a masallaci?” Ban ga laifinsa ba. Ɗa ne mai kishin uwarsa, kuma abin da ya faɗa an faɗa wa kakana, an faɗa wa ubana. Don gudun wannan kalma aka sa ni boko, ita kuwa ganga ta bi ni har cikin makaranta, ta bi ni bandin 'yan sanda, ta haye teku tare da ni, ta jira ni duk shekarun da na yi ina tuƙa tasi.

Da kika rako ni bakin lif, na'urar sauka daga bene, kika ce, murya ƙasa-ƙasa, “In kana so na, ka ajiye sandunan nan.” Na yi shiru. Na san shirun ya yi miki zafi, har kin ɗauka na zaɓi ganga na bar ki. Ba haka ba ne, ya farin watana. Tsoro ne ya kama ni. Da wane baki zan kira ki in na ajiye su? Harshena na tsoho ne, yana sarƙewa a gabanki. Ganga ce ta nemo mini ke, ita ta yi mini jagora, ita ta faɗi abin da na kasa. Yaya mutum zai kori wanda ya kai shi gidan surukai tun ba a ba shi ba?

Na yi ta juya maganar har na ga ƙarshenta. Likita ma ta ce hannun nan ba zai kai wata bazarar ba. Sandunan za su faɗi ko na so ko ban so ba. To, in dai faɗuwa za su yi, gara su faɗa a tafin hannunki da su faɗi a kan yashi. Ba ni da gida a Kano da zan yi miki alkawari, ba ni da ƙarfin da zan ɗaukar miki jakar kaya. Abin da nake da shi ɗaki ne mai taga ɗaya da rana ke shiga da hantsi, da tukunyar shayi, da kujera ta biyu da ba wanda ya zauna a kanta tun da na saye ta. Ina da sauran numfashi kaɗan, kuma duka naki ne. Zan koma wurin Oumarou tare da Inusah da limaminmu, in sake roƙo a matsayin tsohon da ya bar kiɗa, in ya so ya ce mini tsohon makaɗi, ba zan musa ba.

Asabar mai zuwa ne wasanmu na ƙarshe a bana, bayan la'asar, kafin a kwashe kujerun masu gadin ruwa a rufe bakin teku. Ki zo, Safiatou! Don Allah ki zo! Hanyar ba baƙuwarki ba ce: ki shiga jirgin ƙasa na D, ki sauya zuwa na A, ki zauna har ki ga ruwa dama da hagu. Ki ɗauko rigar sanyi, iskar ta fara cizo. Ba sai kin yi guɗa ba, kada mu sake tayar da masu jan wando. Ki tsaya inda rumfarki take, in gan ki. Zan kaɗa takenki sau ɗaya, da duk abin da ya rage a hannun nan, har raƙuman ruwa su ji kunya su lafa. In na gama, ki hau dandalin a gaban kowa ki kwance igiyar. Ke kika ɗaura ta, ba mai kwance ta sai ke. Daga ranar ba zan ƙara taɓa ganga ba, na rantse da Wanda Ya halicci tekun.

In kuwa na ɗaga kai ban ga jan mayafi ba, ba zan yi fushi ba, ba zan kuma bi ki da wata takarda ba. Amma idan jita ta yi shiru, suka bar mini filina, ba zan kaɗa komai ba. Ba zan kira sunanki a inda ba kya nan ki ɗaga hula ba. Zan ɗora hannuna a cinya in bar wurin a buɗe, teku ya cika shi. Turawan za su ce tsoho ya manta. Inusah zai san ban manta ba.

Allah Ya tsare ki a Bronx, Ya tsare ki a Maraɗi, Ya tsare ki a duk inda ƙafarki ta taka. Ko kin zo ko ba ki zo ba, ba wata mace da za a yi wa take da hannun nan bayanki.

Naki, muddin akwai abin da ke bugawa a ƙirjina,

Hambali