Robar Injin Mai Ƙwai

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan takardar nan ta same ka cikin sauƙi. Yaya idon? An ce likita ya cire bandeji amma ya hana ka karatu, don haka na san Yaya ne zai karanta maka. Yaya, don Allah kada ka tsallake wurin da ya shafi aiki kamar yadda ka saba. Umma tana lafiya, ta ce ka daina yi wa matar Yaya gardama a kan maganin ɗigawa.

Shagonmu na zuba robobin injin mota yana nan yadda ka bar shi. Dogo mai walda ya gyara ƙofar baya, yanzu sai an sa kafaɗa take buɗuwa, shi kuma ya rantse da ma haka ya nufa. Samarin nan masu son gudu sun karɓi robobinsu masu tauri, sun tafi suna murna motarsu tana kaɗa musu haƙora.

Wani aiki ne ya shigo da nake so ka sani. Wani mutum ya zo da ƙaramar motar ɗaukar kaya, yana rarraba wa shaguna ƙwai daga wata gonar kaji. Mai Ƙwai ake kiransa. Kurma ne, tun yana yaro zazzaɓi ya tafi da jinsa. Matarsa ce take zama kusa da shi a gaba kullum, ita ke magana da masu shaguna, ita ke taɓa masa gwiwa idan an yi hon a baya. Da hannu suke hira, kuma Baba, ban taɓa ganin masu surutu irinsu ba.

Robobin da injin motar yake zaune a kansu sun mutu bara, sai wani bakanike ya ɗaura musu irin na masu tsere, masu tauri kamar dutse. Matar kuwa ta taɓa faɗuwa daga bene, bayanta bai koma daidai ba. Ta ce mini idan sun dawo gida da yamma sai mijin ya kama ta take iya sauka. Da na zauna a kujerarta aka tayar da motar, har cikin ƙashin bayana na ji. Mijin ya nuna ta, ya nuna injin, ya haɗa hannuwa biyu yana roƙona. Ba sai an fassara mini wannan ba.

Na tuna abin da kake faɗa, cewa robar kirki ita ce wadda mai mota zai manta akwai inji a gabansa. Na zuba musu mafi laushin haɗin da muke da shi, duka ukun, na inji da na giya da na ƙasa. Da muka ɗaura, na ɗora kofin ruwa a kan bonet, ko motsi ruwan bai yi ba. Matar ta yi ta sa mini albarka har na ji kunya. Ina jin da kana nan da ka yaba.

A gaishe mini da Yaya da iyalinsa. Allah ya ƙara sauƙi.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗi da Yaya ya ce ka fara gane fuskokin jikokinka daga bakin ƙofa. Yaya kwanan jikin? Mu duk lafiya, sai dai raina ba daɗi.

Mai Ƙwai ya dawo, bayan motarsa a lotse. A wata mahaɗar hanya injin ya mutu masa yana jiran a ba shi hannu, shi kuma bai sani ba. Aka ba da hanya, ya saki kuloci, motar ba ta motsa ba, wata babbar mota ta taho ta daki bayansa. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji rauni, amma kusan rabin ƙwan ya fashe, har yana ɗiga ta ƙasan ƙofa.

Matar ce ta yi mini bayani, shi yana tsaye yana kallon ƙasa. Ashe Baba, da jikinsa yake jin injin. Ta tafin ƙafa da hannun giya da sitiyari yake sanin injin yana raye, ta nan yake sanin lokacin canza giya. Shekara da shekaru haka yake tuƙi bai taɓa goge ko katanga ba. Ni kuma na zo na shafe masa wannan duka, ina ta murna da kofin ruwana. Ta ce tun ranar da muka ɗaura robobin yake tuƙi a tsorace, amma ya hana ta faɗa mini, saboda ya ga ta fara sauka daga mota da ƙafarta.

Dogo ya ce ai akwai jar fitila da ke kamawa a gaban direba idan inji ya mutu. Matar ta juya ta faɗa wa mijin, sai ya nuna madubin dama, ya nuna na hagu, ya nuna na tsakiya, ya nuna titi, sannan ya nuna idanunsa guda biyu ya ɗaga kafaɗa. Dogo ya koma kan waldarsa.

Mai gonar kajin, wanda shi ke da motar, ya ce da ma hankalinsa bai taɓa kwanciya da kurma a kan sitiyari ba. Ya ba su zuwa ƙarshen wata, zai shiga motar da kansa ya ga tuƙin, idan bai gamsu ba zai karɓi makulli. Mai Ƙwai ya ce in mayar masa da masu taurin. Matar ta ce ita ma ta yarda, za ta jure. Sai ya ga bakinta ya gane abin da ta ce, ya shiga girgiza kai, suka kama faɗa da hannu a tsakiyar shago, kowa yana so a yi abin da zai fi wa ɗayan. Na roƙe su su bar mini motar kwana kaɗan, mai gonar ya ba su aron wata tsohuwa.

Baba, ban san ta inda zan fara ba. Mota ɗaya ce, ba zan iya raba ta biyu in ba kowa rabinsa ba. Idan akwai abin da ka gani, ka sa Yaya ya rubuto mini.

Ina gaishe da kowa da kowa.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, idon kuma yana ƙara washewa. Amsarka ta iso. Na yi dariya da na ga Yaya ya rubuta a gefe cewa ka sa shi ya maimaita maka takardata har muryarsa ta dushe. Umma ta ce a faɗa maka ta ba da tsohuwar rigar aikinka an yi tsumma da ita, wai gara ka ji daga nesa.

Na bi shawararka, na daina tambayar roba na koma tambayar mutanen. Na mayar da masu taurin, na ɗauki matar muka zaga, na ce ta matse mini hannu duk lokacin da ta ji zafi. Ashe rawar da injin ke yi a tsaye, yana silo, ba ta dame ta sosai ba. Abin da ke cinye ta shi ne zirin nan mai kaifi da ke tasowa idan mota ta ɗauki gudu, da kuma fizgar da ake yi wajen canza giya. Sannan na zauna kusa da mijin, na sa ya riƙa nuna mini inda yake jin abin. Ya fi dogara da ƙafar hagu da hannun giya. Kujera da sitiyari ƙari ne kawai.

Wannan ya ba ni ƙofa. Manyan biyun da ke ɗauke da nauyin injin na zuba su da matsakaicin haɗi, na bar musu ramuka sama da ƙasa don su shanye zirin, gaba da baya kuma na bar su cike don kada injin ya riƙa kifawa. Na ƙasan, mai riƙe injin kusa da giya, shi na ƙara wa tauri, don rawar ta biyo ta nan ta iso ƙafarsa.

Faɗa ya fi yi sauƙi. Zubin farko ramukan sun yi faɗi, robar ta tsage tun a kan jak. Na biyu ya yi kyau a ido, amma da Mai Ƙwai ya zauna ya lumshe ido, na kashe injin ta bonet, bai ankara ba sai da na taɓa shi. Na ga fuskarsa ta faɗi, na shiga bayan shago na ɗan yi kukana, Dogo ya yi kamar yana neman sifana bai gan ni ba. A na ukun mijin ya ji, amma matar ta cije leɓe tun kafin mu kai ƙarshen layi, ko da yake ta ce ba komai. Na riga na gane idan ta ce ba komai da sauri, to akwai komai.

Yanzu na huɗu yana cikin mazubi yana bushewa. Na rage taurin na ƙasan kaɗan, na matsar da ramukan. Yatsuna duk sun yi baƙi, Umma ta ce ba mai aurena da irin wannan hannun, na ce ai kai ta aura da naka. Ka sa mu a addu'a.

A gaishe da Yaya, a gode masa da karatu.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki? Yaya ya ce likita ya yarda ka dawo gida wata mai kamawa, Umma har ta fara sa a share ɗakinka.

Na huɗun ya zauna, Baba. Ba zan ce ya yi daidai ɗari bisa ɗari ba. Kofin ruwa yana ɗan rawa a kan bonet, kuma idan an hau tudu da kaya matar tana ɗan ji. Amma na kashe injin a ɓoye sau da dama, kowane karo kafin in ɗago kai Mai Ƙwai ya riga ya ɗaga hannu.

Mai gonar ya zo da kansa kamar yadda ya ce. Mutum ne mai ƙiba da yawan gumi, ba mugu ba ne, tsoron asara ne ya yi masa yawa. Ya zauna a gaba da tiren ƙwai a kan cinyarsa, wai shi ne ma'auninsa, suka shiga cikin kasuwa inda cunkoso ya fi muni. Ni da matar muka zauna a kan bencinka muna jira. Sai murza bakin mayafinta take yi. Da suka dawo ya sauko yana share wuya, ya ce shi direbobinsa masu kunne biyu ba su canza giya da laushi haka. Bai ce ya bar wa Mai Ƙwai motar ba, ya dai miƙa wa matar tiren ya ce gobe a fito da wuri, shagunan gabas sun yi waya.

Da yamma na ce su zo mu yi zagaye na ƙarshe in saurari na ƙasan da kaya a baya. Na zauna a tsakiya, ita tana jikin ƙofa. Muka bi babban titi muka juyo ta bayan makaranta. Ina ta kasa kunne wajen injin, ban lura ba sai da na ji nauyi a kafaɗata. Barci ya ɗauke ta, Baba, har da ɗan minshari.

Muka iso ƙofar shago, Dogo yana tsaye yana jira ya rufe. Na ɗaga hannu zan nuna wa Mai Ƙwai ya tsaya, na buɗe baki zan tashe ta. Sai ya kalle ni, ya ɗora yatsa a kan leɓensa. Shi da bai taɓa jin muryata ba, ni yake ce wa in yi shiru. Ya wuce shagon a hankali ya sake hawa titin. Sai da muka zaga unguwar har rana ta faɗi, kafaɗata ta mutu, ban motsa ba. Dogo ya gaji ya rufe shago ya tafi, jakata tana ciki.

Sun ce idan ka dawo za su zo su gaishe ka. Ka shirya, don matar ta ce mijin yana da tambayoyi a kan giyar motar, kuma ba ya gajiya.

Umma tana gaishe ka, Dogo ma haka. A gaishe da Yaya da matarsa da yara. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

'Yarka mai kewarka,
Auta