Ƙafar da Ta Ƙi Sakin Totur

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon bayan naki?

Yaya, ina cikin damuwa. Ƙafar dama ta Baban Auta ta saki. In yana tafiya sai tafin ya riƙa faɗuwa faf-faf, silifas ma ba ya zama. Likitan gashin ƙashi ya ce akwai jijiyar da ta zagaya ƙashi a ƙasan gwiwa, ita ke ba naman gefen ƙwauri ta waje ƙarfin juya tafin ƙafa, da na gaba mai ɗaga shi. Wai zaman da yake yi a motar makaranta, ƙafa ɗaya kan ɗaya har a tashi yara, shi ya danne ta. Kin san yadda ya rame tun zazzaɓin bara.

An ce ya bar tuƙi, ya riƙa motsa ta da roba. Na yanko tsohon tub ɗin taya na ɗaure a ƙafar gado, yana tura tafin waje yana gumi, ko gezau. Da safe kuma sai ya ɗaure takalmi tamau ya ɗauki makulli. Da cinya yake ciccibo ƙafar daga totur zuwa birki. Yaran mutane ne cike da motar, har da Autarmu. Na yi magana, ya ce in ya ajiye aikin, ƙasa za mu ci?

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki.

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga saƙonki, Allah ya bar zumunci.

Auta ta dawo da leɓe a fashe. Ta ce Baba ya kusa hawa bayan tanka, duk suka kifa kan kujeru. Washegari na sa mayafi na je wurin shugabar makaranta da ƙafata, na faɗa mata komai. A ranar suka karɓi makullin, kafin mako ya zagayo sun ɗauki wani direba.

Bai zage ni ba, Yaya, da ma ya zaga. Tun ranar bai ƙara ce mini uffan ba. Abinci sai in Auta ce ta miƙa masa. Ban yi nadama ba, amma wallahi zuciyata ciwo take.

Jiya ina wanki na ji ya ƙwala mini kira da sunan da yake kirana muna amare. Na shiga da kumfa a hannu. Tafin ya motsa waje, ɗan kaɗan, yana nuna mini yana dariya kamar yaro. Muna haɗa ido sai ya tuna. Ya ja zane ya rufe ƙafar, ya juya fuskarsa bango.

Ki gaida kowa.

Taki har kullum,
Ƙanwarki.