Kwanon Jaratu

Litinin, 4 ga Afrilu, 1994
Tun da aka karya darajar sefa na koyi girki a ɗaki, ƙofa a rufe. Ragowar naman da maigida ke kawowa daga wurin tsirensa dafawa nake yi, ba suya, kada ƙamshi ya tona ni. Jaratu maƙwabciyata kuwa, wata uku da korar mijinta daga aiki, amma kullum la'asar sai ta miƙo kwanonta, yadda muka saba a gidan nan. Yau rogo ne, ko mai babu. Na juye, na mayar mata wayam. "Ba mu ɗora ba yau," na ce. Da maiƙo a bakina.

Alhamis, 7 ga Afrilu
Ruwan jiya ya cika kwata, ya tafi da kazar Jaratu. 'Yan tsaki biyar ta bari.

Asabar, 9 ga Afrilu
Ikon Allah. Kazata, wannan masifaffiyar da ko kyanwa ke shakkarta, ta haɗa 'yan tsakin Jaratu da nata uku. In ta tono abu sai ta kira duka, ta ja baya, ita ko tsinke. Masarar da na ɗauko a ka tun daga kasuwar Mokolo fa suke ci! Raina ya ɓaci.

Talata, 12 ga Afrilu
Na zuba masara, na sa tsintsiya ina kore na Jaratu. Kazar ta taso ta cake ni a hannu har da jini, sannan ta buɗe fukafukai ta rufe su duka takwas. Ina waigawa, ga Jaratu da bokitin wanki.
"Adda, bari in kife su a kwando, kar su cinye miki."
Ba gori a muryarta. Da zagina ta yi, da na ji sauƙi. La'asar kuma kwanon ya zo.

Laraba, 13 ga Afrilu
Ban fita ba. Kaza ta fi ni.

Juma'a, 15 ga Afrilu
A tsakar gida na yi suya. Ɗakin ne ya yi zafi, ba wani abu ba. Da na mayar wa Jaratu kwanonta, ta buɗe ta tsaya.
"Adda, nama?"
"Zai lalace ne," na ce, idona a ƙasa.
"Na san ana kawo muku," in ji ta. "Bangon nan katako ne."
Ashe duk watannin nan ta sani, kuma ba ta fasa miƙo kwanon ba ko rana ɗaya.