Warin Tabar Sammani

Sabo, Ibadan.

Zuwa ga Yaya Haulatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Malam da yara da duk mutanen Zariya. Yaya ƙafar taki? Safiyatu ta ce har yanzu tana taso miki in an yi ruwa. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai dai ruwan Ibadan ya ƙi ɗaukewa, albasa tana ruɓewa a kasuwar Shasha muna tsaye muna kallo.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Kin san bangon ɗakinmu, in ka yi atishawa maƙwabci ne zai amsa maka. Shi ya sa na ba direban da ke kawo mana kaya, tunda ta garinku zai bi.

Na daina shan taba. Tari ne ya matsa min har na je asibiti, likita ya ɗauki hoton ƙirjina, ya ce huhuna ya fara gajiya, in na ci gaba to ni na sani. Na fito na ba mai okadar da ya ɗauko ni sauran kwalin. Yanzu namijin goro nake ci, orogbo ɗin Yarbawa, ɗacinsa yana ɗan riƙe baki. Satin farko ban ji daɗin jikina ba, har na yi faɗa da wata mata a kan albasa guda ɗaya. Yanzu da sauƙi.

Matsalar ba nan take ba. A duniyar nan ni da ke ne kaɗai muka san ƙanwarki Safiyatu tana shan taba, tun kafin in aure ta. Shekarun nan duk ni ne murfinta. Ni nake sayowa, ni ake gani da ita a ƙofar gida. Matan da ke zuwa kitso wurinta in suka ji wari a labule ko a zaninta sai su tausaya mata, su ce Allah ya shirya mata Sammani, ta ce amin. Haka muke zaune, ba wanda ya cutu.

To sai na yi wauta. Abokina Anwar ya miƙo min kara ɗaya a kasuwa, maimakon in ce bakina ne ba daɗi, sai na ce na daina. Kafin in sauka daga keke a Mokola labari ya riga ni isowa Sabo. Bayan Magariba dattawan majalisar ƙofar masallaci suka zaunar da ni, aka yi min addu'a, aka shafa. Ɗanbaba mai tebur, wanda nake saye a wurinsa tun ina saurayi, ya rantse gaban jama'a ko na zo ina kuka ba zai sayar min ba. Shi a ganinsa taimakona ya yi.

Safiyatu ta yi min murna, tsakaninta da Allah. Da muka gama cin abinci ta tambaye ni wa zai riƙa sayo mata. Sai a lokacin abin ya faɗo min. Na ce ko za ta gwada bari, mu yi tare. Ta ce za ta gwada. Ta yi kwana biyu tana fasa kofuna, na uku na tafi Mokola na sayo wurin wata Iya Bayarbiya da ba ta san ni ba.

Yanzu haka muke. In sayo, in sa a aljihun gaba, daidai ƙirjin da likita ya yi magana a kansa, in kawo gida. Tana sha ta tagar baya, ni ina zaune a bakin gado ina tauna orogbo. Ba na jin haushinta. Warin ne dai yake kirana da sunana.

Ba ƙara na kawo ba, Yaya. Na faɗa miki ne don ba ni da wanda zan faɗa wa. Ki gaida Malam da yara.

Naki,
Sammani.

Sabo, Ibadan.

Yaya Haulatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Saƙon kuka da daddawa ya iso, mun gode, Allah ya bar zumunci. Na ga abin da kika rubuto, cewa in ɓoye mata ashana. Yaya, mace mai risho a ɗaki ake ɓoye wa ashana?

Abin da nake tsoro ya fara. Da ina sha, ba wanda ya taɓa lura da lokacin da wari ke fita daga ɗakinmu. Yanzu kowa ya zama mai hanci. Hajiya Ashatu, matar mai gidan da muke haya, ta tare ni a soro ta ce ita fa tana jin wari da rana tsaka, lokacin da nake kasuwa. Na ce tsohon wari ne da ya kama katifa. Ta ce ikon Allah, katifa mai hayaƙi. Kin san Hajiya, ba muguwa ba ce, amma abin da ta sani da hantsi, kafin La'asar ya kai gidan suna uku. In ta gane, ba matar da za ta sake kawo kanta kitso ɗakin nan, ba kuma wadda za ta bar 'yarta ta zauna kusa da Safiyatu a Islamiyya. Namiji ya sha taba a Sabo, mashayi ne kawai. Mace ta sha, kin san sunan da za a ba ta.

Ranar Juma'ar da ta wuce na dawo daga masallaci, na tarar da ita a taga ta kunna. Ko hula ban cire ba muka ji sallama, kuma Hajiya irin mutanen nan ne da sallamarsu da ɗaga labulensu tare suke zuwa. Ita da mata biyu, sun zo a yi musu kitson biki. Ban yi wani tunani ba, na zare tabar daga yatsun Safiyatu na riƙe.

Da a ce Hajiya ta kau da kai, da shi ke nan. Amma ta tsaya tana kallon tabar, tana kallon Safiyatu, don hayaƙi bai gama watsewa daga gefenta ba. Na ga riƙewa kaɗai ba za ta isa ba. Sai na kai baki na zuƙa, zuƙa mai kyau irin ta wanda ya saba, na busa sama. Hajiya ta yi salati, ta ce ashe munafunci nake yi wa dattawa, ashe ɓuya nake dawowa yi da rana. Matan suka ce wa Safiyatu sannu, pele, Allah ya ba ta ladan haƙuri. Ta sunkuyar da kai, ta ɗauko tabarma da kibiya.

Zuƙar nan ta yi daɗi, Yaya. Gara in faɗa miki gaskiya. Har cikin yatsun ƙafata na ji ta. Na fita bayan gida na taka sauran, na daɗe a tsaye a wurin.

Zuwa yamma Sabo ta ji. Dattawan da suka yi min addu'a sun amsa gaisuwata a taƙaice. Ɗanbaba ya ce tunda na zaɓi in kashe kaina, gara in kashe a teburinsa da in kai wa bare ciniki, ya yi kaffarar rantsuwarsa. Ko ba komai na huta da zuwa Mokola.

Da dare Safiyatu ta ɗora tukunya. Ta yi min amala da miyar ewedu, ta sa nama fiye da yadda ta saba. Na ci.

Ki taya mu da addu'a. A gaida gida.

Naki,
Sammani.

Sabo, Ibadan.

Yaya Haulatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya, ya jikin Malam da aka ce ya yi zazzaɓi? Allah ya sa kaffara ne. Na daɗe ban rubuto ba, kaya ne suka yi yawa a kasuwa.

Tun ranar nan ban sake zuƙa ba. Amma tunda gari ya yarda na koma, dole a riƙa ganina da ita, in ba haka ba tambayar Hajiya za ta dawo. Sai na tsiri zama a kan benci a tsakar gida bayan La'asar, in kunna kara ɗaya, in bar ta tana ci a yatsuna. In wani ya dubo in kai baki kamar zan ja, in sauke. Kin ga aikin banza: ga taba a hannu, ga orogbo a kumatu. Hayaƙin kuma bai san wasa nake yi ba, yana shiga inda ya saba shiga. Tarin ya dawo. Na koma asibiti, likita ya ji warin rigata, ya tambaye ni, na ce na daina. Ya dube ni ta saman gilashi, ya rubuta magani.

Ban taɓa yi wa Safiyatu ƙorafi ba. Amma ɗaki ɗaya muke kwana, tana jin tarin.

Ranar Talata ina kan bencin, mata sun cika tsakar gida ana tsintar shinkafar sunan jikar Hajiya. Tari ya sarƙe ni, na kasa tsayar da shi, har hawaye. Sai ga Safiyatu ta fito daga ɗaki da kibiya a hannu, ta bar kan wata a rabi. Ta zo ta zare tabar daga yatsuna, yadda na zare daga nata. Na ɗauka za ta kai baki ta tona kanta. Ta ɗan tsaya da ita a hannu. Sannan ta yar, ta murje da silifa. Ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, daga yau ba a ƙara kunna taba a ɗakinta ko a ƙofarta, duk wanda ya sake jin wari ya zo ya tambaye ta, ita ce mai laifi.

Mata suka yi ta sa mata albarka. Hajiya ta ce haka ake son mace, da tun farko ta yi haka da ban lalace ba. Ni dai ina kan bencina ina tauna orogbo.

Kin gane abin da ta yi, Yaya. Ta cire murfin da hannunta, gaban masu hancin unguwa duka. Yanzu in wari ya fita, ba ni za a tambaya ba.

Da na shiga ɗaki na tarar ta tura sauran kwalin cikin bokitin wanke-wanke. Ta kasa ƙarasa kitson sai da ta sha ruwa. Na ji tausayinta ƙwarai, don na san abin da ke gabanta, na bi ta hanyar. Tun ranar ba ta barci sosai, ta ƙona tuwo sau biyu, jiya ta yi min faɗa a kan na ajiye takalmi a karkace. Ban sani ba ko za ta ɗore. Ita ma ba ta yi min alkawari ba, ban kuma nema ba.

A majalisa yanzu ana tsokanata, wai ni ne wanda addu'ar dattawa ba ta kama ba sai da matarsa ta taka masa. Anwar yana kirana mijin-ta-ce. Duk Sabo ta san Safiyatu ce ta raba ni da taba, na bar su a haka.

In kin kira ta kada ki yi mata maganar, ki tambaye ta kitso da kasuwa kawai. In kuma direban zai juyo, a sa mana namijin goro mai ɗan yawa, an ce na wurinku ya fi ɗaci. Wanda nake saye a da ba ya isarmu yanzu, mu biyu ne muke ci.

Ki gaida Malam da jiki, da yara duka.

Naki,
Sammani.