Kaset ɗin da Na Goge Miki

Zulai, salamu alaikum.

Na san ba za ki karanta ba, ko da ranki ma ajamina bai karantu miki ba. Amma ƙorafina yana nan: shekara talatin da bakwai muna ɗaki ɗaya, ba ki taɓa gaya mini kin yi waƙa ba.

A wayar 'yarmu Asma'u na ji. Wai an buɗe wani tsohon situdiyo a Wustul Balad, can tsakiyar birni, aka tarar da faifan gwaji na ɗan masu gidan da kika yi wa aiki a unguwar Mohandessin kafin aurenmu. Jita ce mai sanyi da ganga a hankali, sai mace ta shigo da Turanci. Kafin ki ƙarasa kalmar farko na gane ki. Yanzu sun fitar da shi, mutane na saye. Sun rubuta wai ba a san mawaƙiyar ba.

Ban yi kuka ba. Na sha shayina, na tafi masallaci.

Ga abin da ban taɓa faɗa ba. Shekarar da aka haifi Asma'u, na ɗauki wani kaset marar rubutu daga akwatinki, na naɗa wa Inna gaisuwa a kai, na ba wani ɗalibi ya kai mata Maraɗi. Kwana tara ba ki yi mini magana ba, na ɗauka jego ne. Sai yanzu na gane abin da na goge. To laifin wa? Da kin ce kada in taɓa, zan taɓa ne?

Waƙar minti huɗu ce, ina saurarenta kullum, ban san me kike cewa ba. Asma'u ta ce waƙa ce kawai, Baba, khalas, shi ke nan, ta kau da kai. Na tambayi ɗaliban da ke saman benenmu, suka ce ma'alish, in yi haƙuri, ba sa jin kiɗa. Wa kike yi wa wannan muryar? Ni dai ban taɓa samun irinta ba. Kin san ni a lokacin, ko tukuna?

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki. Ni ba zan daina tambaya ba. Ko daɗi ko ba daɗi, sai wani ya zauna ya fassara mini ita layi-layi kafin in iso.

Mijinki, Ɗan'azumi
Hadayek el-Maadi